Malaman Naruto da Darajar Wanda Ya Fara Ganin Yaro

Naruto labari ne da wani mai zane ɗan ƙasar Japan, Masashi Kishimoto, ya ƙaga. Ya fara fitowa a mujallar Weekly Shonen Jump a shekarar 1999, ana buga shi babi-babi kowane mako, har ya kammala a 2014 da babi 700, waɗanda aka tattara cikin littattafai 72. Tun labarin bai yi nisa ba kamfanin Pierrot ya mayar da shi fim ɗin zane mai motsi, irin wanda ake kira anime. Kashin farko mai fitowa 220 ya gudana daga 2002 zuwa 2007, na biyu kuma, wato Naruto Shippuden, mai fitowa 500, ya ƙare a 2017. Duk wanda ya ɗaura niyyar kallonsa daga farko har ƙarshe sai ya tanadi sama da sa'o'i 250.

Ni na kalle shi ne tare da ƴaƴana, da fassarar Faransanci, a cikin hutun damina guda uku. Su abin da ya ɗauki hankalinsu shi ne faɗa: wa ya fi wa ƙarfi, wace dabara ce ta karya wace. Ni kuwa, da yake koyarwa ce sana'ata, idona bai sauka daga kan malamai ba. Labarin cike yake da su, kuma kusan kowane jarumi a cikinsa ana iya jan silsilarsa, a ce wane ya karantar da wane, kamar yadda ake yi a zaurukan ilimi. Huɗu daga cikinsu nake son mu duba: Iruka, Kakashi, Gai da Jiraiya. Ra'ayina shi ne, wanda ya fi su ƙanƙantar muƙami da ƙarancin ƙarfi, wato Iruka, shi ne ya yi aikin da sauran suka ɗora nasu a kai. Ina da dalili daga cikin labarin, ina kuma da dalili daga rayuwata.

Yaron da gari ya tsana

Ga wanda bai san labarin ba, ga tushensa a taƙaice. Akwai wani gari na mayaƙan ninja mai suna Konoha, wato ganyen itace, wanda ake kiran shugabansa Hokage. Wani dare sai wani ƙaton dodo mai wutsiya tara ya afka wa garin, ya hallaka mutane da yawa. Siffarsa ta dabbar da mutanen Japan ke kira kitsune ce, wadda mafi kusa da ita a dajinmu ita ce yanyawa. Hokage na huɗu, Minato, ya sadaukar da ransa ya kulle dodon a jikin wani jariri da aka haifa a wannan daren. Jaririn shi ne Naruto. Ya tashi maraya, ba uwa ba uba, shi kaɗai a ɗaki. An kafa doka kada kowa ya faɗi abin da ke jikinsa, amma doka ba ta hana harara. Manya in sun gan shi sai su tuna matattunsu, su ja ƴaƴansu gefe. Yaran kuma suka gaji ƙiyayyar ba tare da sun san mafarinta ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Yaron ya zama fitinanne. A fitowar farko ma fenti ya shafa wa fuskokin shugabannin garin da aka sassaƙa a jikin dutse. Duk malamin da ya daɗe a aji ya san irin wannan yaro, wanda ya gano cewa tsawa ma wata hanya ce ta a kira sunansa. Sau uku yana faɗuwa jarrabawar fita daga makarantar ninja.

Iruka

Iruka Umino shi ne malamin ajinsa. Muƙaminsa matsakaici ne, ba ya cikin manyan mayaƙa, ba shi kuma da wata baiwa ta gado. Iyayensa biyu suna cikin waɗanda dodon ya kashe, saboda haka in akwai mai hujjar ƙin Naruto a garin, to shi ne. Shi ma bayan mutuwar iyayen nasa wawan aji ya mayar da kansa, don a dube shi ko da da dariya ne.

Bayan faɗuwar Naruto ta uku, wani malami mai suna Mizuki ya yaudare shi ya sato wani naɗaɗɗen kundi na dabarun da aka haramta, da alƙawarin cewa in ya koyi ɗaya daga ciki za a ba shi nasara. A daji Mizuki ya tona masa asirin dodon, ya kuma jefe shi da wani ƙaton makami mai baki huɗu. Iruka ya shiga tsakani, makamin ya kafe a bayansa. Masu kallo sukan tuna wannan wurin saboda jini da hawaye, amma ni abin da ya biyo baya na fi riƙewa. Naruto ya gudu ya ɓuya a bayan itace, yana jin malaman biyu suna magana. Sai ya ji Iruka yana shaida wa Mizuki cewa yaron nan ɗalibinsa ne mai ƙwazo, ɗan garin Konoha ne mai sunansa, kuma shi da dodon ba ɗaya suke ba. Yabon da aka yi maka a gabanka kana iya zargin lallashi ne. Wanda aka yi a bayan idonka, kuma ga maƙiyinka, ba ya barin shakka. Da ƙura ta lafa, Iruka ya kwance ƙyallen goshinsa mai tambarin garin, wanda shi ne shaidar kammala karatu, ya ɗaura wa Naruto.

Kishimoto ya ajiye mana ma'aunin da za mu auna wannan aikin da shi, wato Gaara, ɗan garin Suna da ke cikin hamada. Shi ma an kulle dodo a jikinsa tun yana ciki, bisa umarnin mahaifinsa, shugaban garin. Mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwarsa. Mutum ɗaya ya amince da shi a duniya, kawunsa Yashamaru, kuma shi ɗin aka turo ya kashe shi yana ɗan shekara shida. Kafin kawun ya cika, sai da ya gaya masa cewa bai taɓa ƙaunarsa ba. Gaara ya tashi yana kisa don ya tabbatar wa kansa yana raye. Ranar da suka gwabza, Naruto da kansa ya gane cewa da haka zai zama in da ba a samu wanda ya karɓe shi ba. Yara biyu ne masu ciwo iri ɗaya, abin da ya fara raba hanyarsu malamin makaranta ne da ke kai maraya cin taliya da kuɗin aljihunsa.

Ɗan mahauci a gaban allo

Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, mahauci ne, haka ma kakana. Mai karatu ya san matsayin fawa a tsarin sana'o'inmu na gargajiya: kowa na son tsire da balangu, amma ba kowane gida ne ke murna ba idan ɗan mahauci ya zo neman aure. Tun ina ɗan shekara takwas nake bin mahaifina mahauta da asuba, in ɗauko nama a tire zuwa rumfarsa a kasuwa, sannan in wanke hannu in ruga lakwal. Sabulu ba ya fitar da ƙarnin nama gaba ɗaya. Mu huɗu muke zama a benci, kuma kullum akwai ƴar tazarar da ake bari tsakanina da na kusa da ni. A filin wasa ba a cika jin sunana na yanka ba; "ɗan barunje" ya wadatar. Ban yi fitina irin ta Naruto ba. Ni shiru na zaɓa, na koma layin baya, na yi shekara huɗu ban ɗaga hannu ba.

A aji biyar aka kawo mana sabon mushe, saurayi, baƙo a garin. Wata rana yana koyar da lissafin kashi-kashi sai aji ya cije. Ba wanda ya gane yadda ɗaya bisa huɗu zai fi ɗaya bisa shida yawa, alhali shida ta fi huɗu. Sai ya kira ni da cikakken sunana, ya ce in fito gaban allo. Ya tambaye ni yadda ake watanda: idan mutum goma sha biyu suka haɗa kuɗi suka sayi bijimi, yaya mahaifina ke kasa naman, kuma me zai sami kowane kashi idan mutanen suka ragu zuwa takwas? A lokacin Faransanci kaɗai aka yarda a yi magana da shi a aji, amma ya ce in yi bayani da Hausa, shi zai juya. Wannan kuwa abu ne da na sani kamar yunwar cikina. Na zana tsibi goma sha biyu, na nuna yadda ake raba tsoka da ƙashi da kayan ciki don kada wani ya ƙwaru, sannan na share na zana takwas manya. Aji ya gane. Mushe ya ce duk wanda lissafin ya sake shige wa duhu ya tambaye ni.

Da ranar kasuwa ta zagayo sai ga shi a rumfarmu. Ya gaida mahaifina, ya sayi nama, sannan a gaban sauran mahauta ya ce: "Baba, yaron nan naka yana da kai. Don Allah a bar mana shi ya ci gaba." Mahaifina ya ce: "To, Mushe, mun ji. Allah ya yi albarka." Ni ina tsugune a bayan rumfa ina wanke wuƙaƙe. Daga wannan shekarar aka ɗauke mini zuwa mahauta a ranakun makaranta.

Abin da na fahimta da na girma shi ne, bai ce in manta gidanmu ba, bai kuma yi kamar bai ji ƙarnin ba. Abin da ake guduna saboda shi ya ɗauko ya ɗora a kan allo a matsayin ilimi. A cikin labarin ma haka ta kasance: dodon da aka tsani Naruto dominsa, mai suna Kurama, shi ne daga baya ya zama abokinsa kuma tushen ƙarfinsa, amma sai bayan yaron ya sami ƙafar tsayuwa. Shekara biyu kawai mushen ya yi a garinmu aka yi masa sauyin wurin aiki. Bayansa na zauna a gaban shehunan malamai da suka ninka shi sani, sai dai da bai kira sunana a ranar nan ba, da ban isa ƙofar azuzuwansu ba.

Kakashi

Bayan makaranta aka raba ɗalibai uku-uku, aka danƙa Naruto da Sasuke da Sakura a hannun Kakashi Hatake. Gwani ne tun yana yaro, mai rufe rabin fuska, mai zuwa a makare kullum da uzurin ƙarya. Jarrabawarsa ta farko ta shahara: ƙararrawa biyu a ƙugunsa, ɗalibai uku, wanda bai ƙwaci ɗaya ba zai koma makaranta. An shirya ta ne don ta haddasa son kai, a ga wanda zai ƙi faɗawa tarkon. Sun ci nasara ne lokacin da Sasuke da Sakura suka karya umarninsa suka ba Naruto abinci yana ɗaure a jikin gungume. Daga baya aka san tushen wannan darasi. Mahaifin Kakashi, Sakumo, ya taɓa watsar da aikin da aka aike shi don ya ceci abokansa, gari ya yi masa tofin Allah tsine har ya kashe kansa. Kakashi ya tashi mai bautar doka, sai da ya rasa abokinsa Obito a yaƙi sannan ya sauya. Makarar da yake yi ma, a gaban dutsen da aka rubuta sunayen mamata yake ɓata lokacin.

Duk da haka yana da wani hali da na sani ƙwarai. Lokacin da aka ba da wata guda na shirin zagayen ƙarshe na jarrabawar ƙarin girma, Kakashi ya ɗauki Sasuke, wanda ya fi kama da shi a baiwa da ɗabi'a, ya koya masa Chidori, dabarar da shi da kansa ya ƙirƙiro. Naruto kuma ya miƙa shi ga wani malami. Sakura, wadda ta riga su ƙwarewa a darasin hawan itace, ta kuma amsa tambayoyin jarrabawar rubutu da kanta ba tare da satar amsa ba, ba mu ga ya zauna ya gina ta ba. Sai da ta kai kanta wurin Tsunade, Hokage ta biyar, ta roƙi ta karɓe ta, sannan ta zama babbar likita. Ita kuwa Chidori, da ita Sasuke ya soki Naruto ranar da ya bar garin.

A jami'a wannan hali ba baƙo ba ne. Malami yakan hango ƙuruciyarsa a fuskar wani ɗalibi, sai ya ja shi a jiki, ya ba shi littattafai, ya kai shi taruka. Irin su Sakura kuwa ina ganin su kowace shekara idan an zauna duba sakamako: takardar da ta fi kowace tsafta da tunani, a duba sunan a ga ta wata ɗaliba ce da ba a taɓa jin muryarta a aji ba, kuma ba wanda ya kira ta ya yi mata maganar digiri na biyu. Kaɗan ne daga cikinsu ke da ƙarfin halin ƙwanƙwasa ƙofa da kansu.

Malamin da ya duba kundin digirina na uku Kakashi ne ta fuskar alheri. Maganarsa kaɗan ce. Yakan riƙe babi wata biyu, ya dawo da shi da tambayoyi uku a gefen shafi, kowace tambaya ta ci mini makonni. Ban taɓa jin ya ce madalla ba sai ranar da na kare kundin. Na amfana da shi matuƙa, amma na san dalili: na zo masa da yaƙinin cewa na cancanci kujerar da nake kai. Ɗalibin da bai sami wannan yaƙinin tun daga tushe ba, shirun irin wannan malami yakan zame masa hukunci, sai ya tattara takardunsa ya tafi.

Gai da Rock Lee

Rock Lee ba ya iya ko ɗaya daga cikin dabarun siddabaru da ninja ke taƙama da su. Jikinsa kaɗai gare shi. Malaminsa Gai, wanda shi ma ɗan wani ninja ne da ya girma a matakin farko ana yi masa dariya, ya ɗauke shi ya horar da shi a kan naushi da shuri har ya zama abin tsoro. Karawarsa da Gaara tana cikin wuraren da masu kallo ba sa mantawa. Ya kwance nauyin da ke ɗaure a ƙafafunsa, da suka faɗi sai da suka fasa daɓe. Ya buɗe biyar daga cikin ƙofofi takwas na ƙarfin jiki, waɗanda buɗe ta takwas ɗinsu mutuwa ce. Duk da haka bai yi nasara ba. Gaara ya murƙushe masa hannu da ƙafa na hagu da rairayi, shi kuma ya sake miƙewa tsaye alhali a sume yake. Tun ana cikin faɗan Kakashi ya zargi Gai da koya wa yaro abin da zai iya hallaka shi. Aikin tiyatar da ya biyo baya, rayuwa da mutuwa rabi da rabi ne.

Na taɓa koyar da wani ɗalibi irinsa, wanda shi ne na farko daga ƙauyensu da ya shiga jami'a. Da rana yana aji, da dare yana kabu-kabu don ya ci abinci ya kuma aika wa mahaifiyarsa. Kowa yana yabon himmarsa, ana buga misali da shi. A shekara ta uku jikinsa ya ƙi, ya kwanta ana saura mako guda jarrabawa, shekarar ta wuce shi. Ya dawo ya kammala, amma masu yabon nan kaɗan ne suka taka zuwa inda yake kwance. Abin da ya wanke Gai a idona shi ne bai tsaya ga wa'azin ƙoƙari ba. Yana gefen Lee a asibiti, kuma da lokacinsa ya zo a babban yaƙi ya buɗe ƙofa ta takwas da kansa, ya ƙare rayuwarsa ta mayaƙi a keken guragu. Malamin da zai ce wa yaro ya ƙure kansa, ya kamata ya shirya ɗaukar rabonsa na abin da zai biyo baya.

A nan ne kuma nake da ƙorafi a kan labarin kansa. Akwai Neji Hyuga, ɗan ƙaramin reshen gidansu, wanda aka yi wa tambari a goshi tun yana ƙarami, alamar cewa zai rayu yana tsaron ƴan babban gida, don kawai mahaifinsa ne ya zo na biyu a haihuwar tagwaye. Neji ya yi imani cewa makomar mutum a rubuce take tun ranar haihuwa. Naruto ya kayar da shi a gaban jama'a a matsayin daƙiƙin aji da ya ƙi yarda da hakan. Sai dai da tafiya ta yi nisa aka bayyana mana cewa Naruto ɗan Minato ne, Hokage na huɗu, mahaifiyarsa Kushina kuma daga zuriyar Uzumaki mai ƙarfin rai, har ma aka danganta shi da ɗan wanda ya kafa tushen wannan ilimi gaba ɗaya. Lee, wanda ba shi da gadon komai, ya koma gefe. Neji ya mutu yana kare Naruto da Hinata, ƴar babban gida. An nuna mana cewa zaɓinsa ne, amma a matsayina na ɗan mahauci abin ya tsaya mini a rai. Labarin da ya fara da jayayya da karin maganar nan ta barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ya ƙare yana gyaɗa mata kai. Abin da wannan bai taɓa ba shi ne aikin Iruka, domin ya karɓi yaron a lokacin da gari ke kallonsa a matsayin wanda ba ɗan kowa ba.

Jiraiya

Jiraiya ne mafi shahara a cikin huɗun, ɗaya daga cikin gwanaye uku da Hokage na uku ya yaye. Shi ya koyar da Minato, shi kuma ya tafi da Naruto yawon horo na shekara biyu da rabi. Yana da aibi bayyananne, wato leƙen mata, wanda labarin ya mayar abin dariya alhali ba abin dariya ba ne; wannan na cikin wuraren da na tsaya na yi wa ƴaƴana magana. Amma kashinsa na labarin ya taɓa wani abu da ke hana malamai barci. A lokacin yaƙi ya tsinci marayu uku a ƙasar da ruwan sama ba ya ɗaukewa, Yahiko da Nagato da Konan. Ya zauna da su shekara uku, ya koya musu kare kai, ya cusa musu burin zaman lafiya. Bayan shekaru, da duniya ta gasa wa Nagato aya a hannu, sai ya yanke cewa mutane ba za su bar yaƙi ba sai sun ɗanɗani azaba. Shi ne ya kashe Jiraiya, shi ne ya rusa Konoha.

Ina da tsohon ɗalibi da ya fi kowa a ajinsu iya sarrafa harshe. Tare muka bi salon magana, da yadda ake gina hujja, da yadda karin magana ke sa mai sauraro ya sallama kafin ya yi tunani. Yau a Facebook yake, yana rubuta wa masu biyansa abin da ke haɗa mutane faɗa, kuma da na karanta nakan gane dabarun ɗaya bayan ɗaya. Ilimi in ya bar hannun malami ya zama na mai shi. Abin da ya rage wa malami shi ne ya ci gaba da shuka, don bai san wace ƙwaya ce za ta tsira ba. Littafin Jiraiya na farko bai yi kasuwa ba, amma Minato da Kushina sun karanta shi, suka ɗauki sunan jaruminsa suka sa wa ɗansu. Da wannan littafin kuma Naruto ya tunatar da Nagato abin da ya taɓa yin imani da shi. Duk wanda ya taɓa wallafa littafi da Hausa, ya ga kwalayensa jibge a ɗaki suna shan ƙura, zai so wannan kashin.

Inda aka koma

Daren da labarin mutuwar Jiraiya ya iso, Naruto ya fita ya zauna a kan benci, riƙe da ƙanƙara mai zaƙi mai tsinke biyu, irin wadda marigayin ke raba musu, tana narkewa a hannunsa. Wanda ya zo ya zauna kusa da shi, ya karɓa ya raba ta biyu, Iruka ne. A lokacin ɗalibin ya daɗe da wuce malamin a ƙarfi, babu sauran wata dabarar yaƙi da Iruka zai koya masa. A fitowa ta 500, ta ƙarshe, da Naruto zai auri Hinata, Iruka ya nema ya tsaya masa a matsayin uba. Kakashi yana raye, yana kan kujerar Hokage ta shida, amma malamin firamare aka nufa.

Yawancinku da ke karatun Hausa, aji za ku shiga bayan kammalawa, wasu a ƙauyukan da babu lantarki, kan albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Ba za a rubuta sunayenku a bangon kundin kowa ba. Ni a jami'a ajin shekarar farko yakan cika har wasu su tsaya a taga, kuma haddace sunayensu duka ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Abin da nake yi a makon farko shi ne in sa kowa ya rubuta shafi ɗaya a kan sana'ar gidansu, da kalmomin da ake amfani da su a cikinta, yadda ake faɗarsu a garinsu. Daga nan nake samun sunayen kayan ƙira da na jima da na saƙa da na su waɗanda ban taɓa gani a ƙamus ba. Sai in zaɓi wasu shafukan, in kira masu su da cikakken suna, su fito su karanta wa aji. Mafi yawan lokuta shafin da ya fi wadatar kalmomi daga layin baya yake fitowa.